Wa Ya Taɓa Fitilar Bahago?

Da hantsin ranar Talata aka fito da maigidana daga ruwa, leɓɓansa sun yi shuɗi, igiyar ƙugunsa a yanke. Ina kan keken ɗinki aka zo aka gaya mini. Har yau ban san wanda ya rufe mini shago ba.

Aikinsa nutso. Shi yake sauka gindin madatsar ruwa ya share ragar ƙarfen da ke bakin babban bututu, inda itace da ledoji da matattun dabbobi suke taruwa su toshe wa gari ruwan famfo. Can ƙasan, ko da tsakar rana, duhu ne baƙi ƙirin. Abu uku ke riƙe da ransa: tukunyar iska a bayansa, fitilar ruwa ɗaure a wuyan hannunsa, sai igiya. Bahago ake ce masa a wurin aiki, don da hagu yake komai. Wanda yake riƙe masa igiyar a sama kuwa, shekara tara cur, yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Kafin motar asibiti ta sha kwana, mutane sun gama yanke hukunci. Maigadin madatsa ya ce da idonsa ya ga Yaya ya kwance fitilar daga hannun Bahago ana tsakiyar matsa masa ƙirji. Da aka tsinci fitilar a bakin ruwa, murfinta a buɗe yake, babu batir a ciki. Wani ya tuna cewa satin da ya wuce sun yi cacar baki, har Yaya ya ce, "In ba ka bar nutson nan da kanka ba, ni zan raba ka da shi." Saboda ni ya faɗa, don ya ga yadda fargaba take cina. Amma wa zai tsaya jin dalili?

Wan mijina, wanda kowa ke kira Babba, shi ya kulle Yaya a ɗakin ajiyar kayan nutso, ya jefa makullin a aljihu.

"Ba zan kira 'yan sanda ba tukuna," ya ce da ni, murya ƙasa-ƙasa. "In ƙanena ya tashi, ya faɗa da bakinsa. In bai tashi ba, babu abin da zai rage da za a miƙa wa 'yan sanda."

Mutum shida na dangin suka zauna a ƙofar ɗakin. Ba su ɓoye sandunansu ba. Likita kuma ya ce shi ba zai iya cewa komai ba, sai abin da Allah ya yi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Yaya. Mutumin da ko kaza ta taka masa ƙafa sai unguwa ta ji, an kira shi mai kisan kai ya yi gum.

*

Washegari da sassafe na je wajen Baba Mai Sawu. Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata a daji, har gwiwa ta ce masa ya isa. Na same shi a ƙofar gida yana ɗinke takalminsa da kansa, ɗinkin da in ni na yi wa mutum sai ya maido mini.

Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba.

"Ruwa ba ya ajiye sawu, 'yata."

"To shi ke nan a kashe mini ɗan'uwa, Baba?"

"Ban ce ba. Duk wanda ya shiga ruwa ai ta ƙasa ya bi." Ya ciji zaren ya tofar. "Amma ki ji da kyau. Ni sawu nake bi, ba mutum ba. Inda ya tsaya, nan zan tsaya, ko ƙofar wa ce."

"Ko ƙofar uban wa ce, Baba," na ce.

Ni da bakina na faɗa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

*

Bakin madatsar ya sha taku kamar filin kasuwa. Babba ya biyo mu, hannu a goye, yana cewa an kawo mai neman shanu ya nemo kifi. Baba bai tanka masa ba. Bai ma kalli inda aka kwantar da maigidana ba. Ya bi gefen taɓo a hankali, yana dogara sanda, ya yi nisa da inda jama'a suka taru, sannan ya tsaya.

"Ƙafa ɗari sun nufi mota," ya ce. "Biyu kaɗai suka juya wa mota baya. Ba takalmi, da sauri, kuma babban yatsan hagu a karkace yake."

Na gane sawun. Turmi ne ya faɗo wa Yaya a wannan yatsan muna yara, ni ce ma na ture shi.

Sawun ya kai mu gindin wani dutse a bayan ɗakin injin. Baba ya durƙusa da ƙyar, ya nuna inda gansakukar dutsen ta goge, ya sa sanda ya ɗaga shi. Batura biyu ne a ƙasa, irin masu caji, shuɗɗa, sun yi kaca-kaca da taɓo.

"Kun gani ko?" in ji Babba. "Mai gaskiya yana binne abu?"

Ni ban ji sauran maganarsa ba, don na gane baturan. Nawa ne.

Bari in faɗi yadda aka yi, tun da na riga na fara. Bara Yaya ya sayo mini tocila don ɗinki in an ɗauke wuta. Da ya miƙo mini ya ce, "Auta, baturanta masu kariya ne, ba sa fashewa." Na maigidana kuwa koraye ne, marasa kariya. Wata huɗu kafin wannan rana, fitilar wani abokin aikinsu ta fashe masa a hannu ta tafi da yatsu biyu, kuma irin koren batirin nan ne a ciki. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Na yi magiya, na yi fushi, na yi kuka, amsarsa ɗaya ce: "Ki taɓa komai nawa, amma ban da kayan ruwa." Shi da hannunsa yake loda fitilarsa, ya rufe, ya ajiye kan tebur. To a safiyar Talatar, yana banɗaki yana wanka, na zare korayen na zuba masa shuɗɗan, na murɗa murfin iya ƙarfina, na kunna ta kama tar. Nasa kuma na jefa su cikin tocilata. Har wani sanyi na ji a raina, wai na tsare mijina.

A gindin dutsen nan na ce wa kaina: ai batir ba ya yanke igiya. Akwai mugun da ya yanke ta, shi ake nema. Na ja bakina na tsuke.

*

Mai yatsu ukun nan Tarwaɗa ake ce masa, don santsinsa a ruwa. Shi ya faɗa madatsar ya fito da maigidana. Kuma kowa ya san kafin hannunsa ya lalace shi ne babban mai nutso, Bahago ya gaje shi. Mun same shi a rumfar ma'aikata yana naɗe tiyo.

"Me ka gani a ƙasa?" Baba ya tambaye shi.

"Gani? Baba, lalube na yi. Da fitilarsa tana ci, da minti ɗaya ya ishe ni. Sai da na yi nutso uku kafin ƙafata ta taɓa shi."

"Fitila ai takan mutu."

"Ba ta Bahago ba. Tasa in za ta mutu sai ta yi sallama. Haske ya yi ja, ya yi ƙasa-ƙasa, kamar tsoho yana gyangyaɗi. Da wannan jan hasken yake warware igiyarsa ya hau. Shi ya sa ya nace wa marasa kariya. Ni kuwa," ya ɗaga hannun, "ga abin da marar kariya ya yi mini. Na haɗa tsoho da sabo a fitila ɗaya, tsohon ya kumbura, fitilar ruwa kuma a toshe take, babu inda iska za ta fita. Kullum sai mun yi musu da shi a kan wannan."

"Musu kawai?"

Tarwaɗa ya ajiye tiyon. "Baba, in kana nufin kujerarsa nake so, da na bar shi a ƙasa mana. Wa zai ce na gan shi?"

Baba ya karɓi wuƙarsa ya duba. Bakinta kamar zarto, ga tsatsa. Ya goga ta a wani guntun igiya, ta tsattsage shi gashi-gashi, ya miƙa masa abarsa.

Allah ya yafe mini, a ranar na so a ce shi ne. Mutumin da ya tsamo mini miji da yatsu uku, ina tsaye ina addu'ar wuƙarsa ta dace da yankan.

*

Daga nan sai layin masu gyaran waya a kasuwa, shagon da duk masu nutso suke sayen batir. Mai Batir yana ganinmu da Babba a baya ya fara rantse-rantse tun ba a tambaye shi ba.

"Ni kayana ba na jabu ba ne. A tambayi kowa."

Baba ya ajiye shuɗɗan nan biyu a kan gilashinsa. "Waɗannan kake sayar wa Bahago?"

"Haba, Baba. Ko kyauta ba zai karɓa ba." Ya jawo kore guda daga akwati ya jera shi da shuɗi. "Duba da kyau."

Shuɗin ya ɗara koren tsawo. Kaɗan ne, bai fi kaurin farce biyu ba.

"Wannan ƙarin, wani ɗan faranti ne a gindinsa," in ji Mai Batir. "Shi ne kariyar. Maigadi ne. In caji ya yi yawa, ya yanke. In wuta ta yi ƙasa sosai, ya yanke. In fitila ta ja fiye da ƙarfinsa, ko ruwa ya haɗa wayoyi, ya yanke. Shi ya sa ba ya fashewa. Amma fa ba ya sallama. Yanzu kana gani, yanzu ko tafin hannunka ba ka gani."

"To wanne ya fi?"

"Fitilar za ka tambaya, ba ni ba. Wadda aka yi da dogon ciki, a ba ta mai kariya, hankali kwance. Tocilar gida ma shi ya fi dacewa da ita, tun da yara da mata ke ɗauka. Ta Bahago kuwa gajeren ciki gare ta, kuma tana da nata mai tsaron a kai, shi ke sa ta yi ja kafin ta mutu. Ka cusa mata dogo, murfi ba zai kai ƙarshe ba. A tudu za ta kama lafiya lau. A ƙasan ruwa kuwa..." Ya girgiza kai. "Wanda ya yi wannan, ko mugu ne ƙwarai, ko bai san komai ba."

Na dafa gilashin don kada in faɗi. Mai Batir ya ɗauka yunwa ce, har ya turo mini kujera. Na zauna ina nanata wa kaina igiya, igiya, ai saura igiya.

*

A asibiti Baba ya ce in karɓo masa ɗamarar da aka cire wa maigidana. Guntun igiyar yana nan a jikinta, bai fi kamu uku ba. Ya juya shi a hasken taga ya daɗe. Ya leƙa kuben wuƙar da ke jikin ɗamarar, babu wuƙa. Sannan ya matsa bakin gado.

Maigidana yana kwance da roba a hanci, ƙirjinsa yana hawa da sauka kamar ba nasa ba. Baba bai kalli fuskarsa ba. Hannun damansa ya ɗaga, wanda aka naɗe wa babban yatsa da manuni da bandeji, ya tambayi ma'aikaciyar jinya ko ƙarfen raga ne ya yage shi.

"A'a, yanka ne," ta ce. "Har ɗinki huɗu aka yi."

Muna fita likita ya ja Babba gefe. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga Babba ya ciro waya, na kuma ji ya ce da wani, "Ku zauna kusa."

*

Ɗakin ajiyar ba shi da taga. Da Babba ya buɗe, warin roba da tsatsa ya buge mu, ba a ganin komai.

"'Yata, kina da fitila?" in ji Baba.

Tana cikin jakata, na tafi da ita asibiti saboda ɗauke wuta. Ban yi tunani ba na ciro ta na kunna.

Yaya yana zaune a kan tukwanen iska, idonsa ɗaya a kumbure. Bai kalle ni ba. Baba ya buɗe tafin hannu ya nuna masa shuɗɗan baturan.

"Ɗana, sawunka ya kai ni inda ka ajiye waɗannan."

Yaya ya kalle su. "Ni na sa masa su," ya ce. "Kuskure na yi. Da na ga abin da ya faru, tsoro ya sa na ɓoye."

"Shekara tara kana wannan aiki, ba ka san dogo da gajere ba?"

"Na ce kuskure ne, Baba."

"To. Nasa korayen da ka cire, ina ka kai su?"

Yaya ya buɗe baki, ya rufe. A cikin shirun nan ne hannuna ya kama rawa, tocilar ta fara ƙara: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Hasken ya ɗauke, ya dawo. Tun ranar Talata take wannan ƙarar, ban taɓa kula ba sai yanzu. Na damƙe ta da hannu biyu, ta ƙi yin shiru.

Baba bai juyo ba. Kansa kawai ya ɗan karkata, yadda mutum yake yi in ya ji motsi a ciyawa. Yaya kuwa a karo na farko ya ɗago ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan, yadda yake mini muna yara in na fasa abu Inna tana tambaya.

"Babba," in ji Baba, "tara mini mutanenka a rumfa bayan la'asar."

A hanya bai ce mini komai ba. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

*

Rumfar ta cika har waje. Ga Tarwaɗa, ga Mai Batir an ɗauko shi yana ta zufa, ga maigadi, ga dangin mijina shida da sandunansu a jingine. An zaunar da Yaya a tsakiya, hannuwansa ɗaure ta baya. Ni ina gefen mata, jakata a cinya, na danne ta da gwiwar hannu.

Baba ya jera kayansa a kan tebur: ɗamara, fitilar ruwa, batura biyu. Ya fara da igiya.

"An ce an yi mata rauni tun a sama don ta tsinke. Igiyar da aka raunata in ta tsinke, bakinta yakan yi gashi. Wannan bakinta sumul yake. Wuƙar Tarwaɗa ba ta irin wannan yanka, na gwada. Ku duba kusa da yankan: sara uku da suka kuskure. Mai gani ba ya kuskure igiyar da ke ƙugunsa sau uku. Yankan kuma daga hagu ya gangaro. Wanda ya yi shi ya riƙe igiya da dama, ya sara da hagu, a cikin duhu, har ya yanke yatsunsa biyu. Yana can asibiti da bandeji."

Baba ya ajiye guntun igiyar a kan tebur.

"Bahago ne ya yanke igiyarsa. Ta sarƙe a raga, ba shi da hasken da zai warware ta, iskarsa tana ƙarewa. Babu wanda ya taɓa igiyar nan sai shi."

Na ji kamar an zare mini tabarma ina tsaye. Mugun da nake ta jira a kama, babu shi.

"To wa ya kashe masa fitila?" in ji Babba.

Baba ya zura shuɗɗan baturan cikin fitilar ruwa, ya miƙa wa Babba. "Kai ne mai ƙarfi. Rufe."

Babba ya murɗa har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Baba ya karɓa, ya sa farcensa tsakanin murfi da jiki, farcen ya shige. Ya ɗaga kowa ya gani.

"Ta nan ruwa ya bi. Ruwa ya haɗa wuta, maigadin batir ya yi aikinsa, ya yanke. Batirin bai yi laifi ba, fitilar ba ta yi laifi ba. An haɗa su ne ba gidan juna ba."

"Ai ya amsa da bakinsa," in ji Babba, yana nuna Yaya. Mutum biyu suka miƙe.

"Ya amsa, amma bai san inda korayen suke ba. Wanda ya cire abu ya san inda ya ajiye." Baba ya dogara sandarsa, yana kallon ƙasa. "Dogaye biyu sun shiga gajeren gida. Gajeru biyu kuma suna can cikin dogon gida, suna ƙara duk inda aka je da su. Na ji su yau. Ni nan sawuna ya tsaya. Mai ƙofar yana da baki."

Bai dube ni ba ko sau ɗaya.

"Na ce ni ne," in ji Yaya da ƙarfi. "Na jefa su ruwa. Me kuma kuke nema?"

Ɗaya daga cikin mutanen ya damƙi wuyan rigarsa ya fizge shi daga kan benci, gwiwoyinsa suka bugi siminti. Wani ya miƙa hannu ga sanda. Ina zaune ina kallo. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba: tsoron sandunan, tsoron idon matan da ke gefena, tsoron a ce da ni matar da ta kashe mijinta. Zuciyata tana cewa ki bari, ai shi ya zaɓa. Sai na ga yatsan nan nasa karkatacce yana jan ƙasa.

Ban san lokacin da na isa teburin ba. Na ciro tocilar, na ɗaga ta, na girgiza. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na kwance gindinta na juye. Koraye biyu suka gangaro kan tebur, ɗaya ya faɗo ya tsaya a ƙafar Babba.

"Ni ce," na ce. "Yana wanka na canza. Tsoro nake kada ta fashe masa kamar ta Tarwaɗa. Yaya bai sani ba sai da ya buɗe fitilar ya ga baturan da ya sayo mini."

Babba ya sunkuya ya ɗauki koren batirin. Ya ɗaga hannu, na rufe ido ina jiran mari. Bai sauka ba. Da na buɗe, yana zaune a kan benci, ya dafe kai.

"Garin neman gira," wata tsohuwa ta fara a bayana, Tarwaɗa ya daka mata harara ta haɗiye sauran. Shi ne ya tashi ya kwance Yaya da yatsunsa uku, a hankali, don ƙullin ya yi tauri.

Yaya ya miƙe yana murza wuyan hannu. Na ɗauka zai rungume ni, ko ya yi mini faɗa. Sai ya ce, "Auta, wa ya aike ki? Da kin yi shiru."

"Su kashe ka?"

"Ni na ce miki ba sa fashewa. Ban ce miki ba sa shiga ko'ina ba." Ya share jinin gwiwarsa da tafin hannu. "Kuma igiyarki tun kina rarrafe nake riƙe da ita. Yau zan saki?"

Baba Mai Sawu ya riga ya kama hanya. Na bi shi da gudu in yi masa godiya, ko in tsine masa, ni kaina ban sani ba. Ya ce in koma wajen mijina, kuma in na samu lokaci in zo in gyara masa ɗinkin takalmin nan.

*

Kwana biyu na yi a bakin gadon, dangin mijina suna shiga suna fita, babu mai amsa gaisuwata. Ban ga laifinsu ba.

Ranar Juma'a da hantsi ya buɗe ido. Ya kalli silin, ya kalli taga, ya daɗe yana kallon tagar kamar bai taɓa ganin rana ba. Mutumin da ya yi shekara tara yana shiga duhun da ko kifi ba ya so, ya ce da ni a raɗa kada in bari a saki labulen.

Babba yana tsaye a kansa, Yaya yana bakin ƙofa da kumburarren idonsa. Maigidana ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga hannun nan mai bandeji ya duba, na ga abin yana dawo masa.

"Ba ta yi sallama ba," ya ce, murya a shaƙe. "Fitilata ba ta taɓa yi mini haka ba. Wa ya taɓa ta?"

Babba ya kau da kai. Daga bakin ƙofa na ji Yaya ya gyara murya, ya yi taku ɗaya, ya ja numfashi zai yi magana. Na san abin da zai faɗa.

Na riga shi.

"Ni ce," na ce, na kama hannun mijina na hagu, na riƙe, ina jiran in ji ko zai janye.